Muhawara: Wa ke ɗaukar nauyin lasisin masu jinya da kiɗa, zane, allura da tsirrai?

Tsohon Akanta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu duba wani lissafi da ake gabatar wa majalisun dokoki a duk lokacin da wata ƙaramar sana'ar lafiya ta nemi a kafa mata lasisi. Waɗanda nake nufi su ne masu jinya da kiɗa, da zane, da wasan kwaikwayo, da kuma masu hanyoyin maganin da ake haɗawa da na asibiti, irin su allurar Sin (soka siraran allurai a wasu wurare na jiki), da tausa, da gyaran ƙashin baya, da maganin tsirrai. Takardar kiyasin kuɗi da ke rakiyar irin wannan ƙuduri ta kan ƙare da magana ɗaya, wato kuɗin da masu sana'ar za su biya zai ishi hukumar da za ta kula da su, saboda haka baitulmali ba zai fitar da ko sisi ba.

Ni ban ce takardar ƙarya take yi ba. Abin da nake cewa shi ne tana ƙidaya abin da ya shiga akwatin hukumar da abin da ya fita daga cikinsa ne kawai, alhali mafi yawan kuɗin da lasisi ke motsawa ba sa bi ta wannan akwati. Kafin ma a je can, akwatin kansa yana da matsala. Hukuma tana buƙatar ma'aikacin da zai karɓi takardu, da rumbun kwamfuta da zai riƙe sunaye, da lauyan da zai rubuta ƙa'idoji, da alawus na mambobin da za su zauna taro, kuma waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don masu sana'ar sun yi kaɗan. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa tafiyar da ofishin na cin dala 150,000 a shekara. Idan masu lasisi 15,000 ne, kowa zai biya dala 10. Idan kuwa 300 ne, kowa zai biya dala 500, ga mutanen da yawancinsu ba sa samun abin da likita ko ma ma'aikacin jinya ke samu. Sai dai ko wata sana'a ta tallafa musu a ɓoye, ko gwamnati ta cike giɓin, ko kuma hukumar ta kasance suna kawai ba ta da ƙarfin bincikar kowa.

Ɗalibin Tattalin Arziki:

Wa alaikumus salam Baba. Ina neman ƙarin haske a kan wannan tallafi na ɓoye da kuka ambata, domin na karanta cewa akwai wuraren da doka ta hana shi. A jihar Washington ta Amurka, dokar ma'aikatar lafiya ta ce kowace sana'a ita za ta ɗauki cikakken nauyin shirin lasisinta. A Ostireliya ma, tsarin rajistar ma'aikatan lafiya na ƙasa da aka fara a 2010, wanda masu maganin Sin suka shiga a 2012, yana tafiya ne da kuɗin masu rajista, kuma kowace sana'a da nata asusun. Idan doka ta rufe wannan ƙofa, ina kuɗin jama'a zai zurare?

Tsohon Akanta:

Ɗana, tambayarka ta yi kyau, kuma Birtaniya ta ba mu misalin da ya fi kowane bayani. Hukumar HCPC tana kula da sana'o'in lafiya 15 a ƙarƙashin inuwa ɗaya, da masu rajista sama da 300,000, kuma a cikinsu akwai masu jinya da zane, da kiɗa, da wasan kwaikwayo, waɗanda ba su wuce 'yan dubbai ba. A watan Nuwamba na 2023 an mayar da kuɗin rajistarta fam 117.74 a shekara ga kowa. A gefe guda, masu gyaran gaɓoɓi da ake kira ostiyofat sun sami dokarsu ta kansu a 1993, masu gyaran ƙashin baya da ake kira kairofrakta suka sami tasu a 1994, kowane rukuni da majalisarsa daban. Na farko sun ɗan haura 5,000, kuma sun daɗe suna biyan fam 570 a shekara. Na biyu sun haura 3,000, suna biyan fam 800. Aikin iri ɗaya ne, wato riƙe rajista, da tantance makarantu, da sauraron ƙorafi, amma farashin ya ninka sau biyar zuwa bakwai saboda yawan kawunan da za a raba wa nauyin.

To ka ga dokar da ka ambata ba ta kawar da kuɗin ba, ta dai tura shi kan mai sana'a, shi kuma ya tura shi kan majinyaci a cikin kuɗin ganinsa. Idan majinyacin nan asibitin gwamnati ne ko makarantar gwamnati ke biya masa, kuɗin ya dawo gida. Akwai kuma darasi a abin da ya faru a watan Disamba na 2019, lokacin da aka cire ma'aikatan jin daɗin jama'a na Ingila daga HCPC aka kafa musu hukumarsu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajistarta suka tafi a lokaci ɗaya, kuma sabuwar hukumar da aka kafa musu tana karɓar tallafi daga gwamnati. Ba a daɗe ba waɗanda suka rage a tsohuwar suka ga ƙarin kuɗi.

Mai Jinya da Kiɗa:

Malam Akanta, Allah ya ƙara basira. Ina cikin sana'ar da kuke lissafawa, kuma ina so a ji yadda abin yake daga ɓangarenmu, domin idan aka tsaya a kan alƙaluma kawai za a ɗauka cewa son girma ne ya sa muke neman lasisi.

Wani ɓangare na aikina yana tare da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke musu magana. Akwai irin wannan majinyaci da ba ya iya cewa yana son ruwa, amma idan aka rera masa kalmomin da sauti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, aka riƙe hannunsa na hagu ana buga shi a hankali a kan kowace gaɓar kalma, sai ka ji kalmar ta fito. Daga nan ake janye waƙar kaɗan-kaɗan har a bar maganar ita kaɗai. Wannan hanya an bayyana ta tun 1973 a birnin Boston, kuma tana buƙatar sanin wane irin ɗaukewar magana ne za ta amfana, domin ba kowane ba ne. Wanda bai yi karatun ba zai iya shiga ɗaki da kayan kiɗa ya yi ta bugawa, iyalan majinyaci su biya shi, watannin farko da suka fi muhimmanci wajen farfaɗowa su wuce a banza. Haka kuma mai fama da tashin hankali bayan wani bala'i, waƙa ɗaya na iya buɗe masa abin da wanda bai ƙware ba zai kasa rufewa.

A Amurka muna da jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa wadda wata hukuma mai zaman kanta ke shiryawa, amma ita ba doka ba ce, kuma akwai ma'aikatun jihohi da ba sa yarda su ɗauki mutum ko su biya shi sai yana da takardar jiha. Shi ya sa jihohin Dakota ta Arewa da Nevada suka kafa lasisin jinya da kiɗa a 2011, Georgia ta bi a 2012, bayan New York da ta yi doka a 2002 ta haɗa masu jinya da fasaha a lasisi guda. Mun san mu kaɗan ne, kuma mun san za mu biya. Abin da muke roƙo shi ne kada a gina mana hukuma sabuwa, a jingina mu da wadda ke nan, a amince da jarrabawar da muke da ita maimakon jiha ta kashe kuɗi ta rubuta wata.

Dakta:

Malama, ba ni da ja a kan abin da kika faɗa game da masu shanyewar ɓarin jiki, amma maganarki ta ƙarshe ita ce ainihin abin da Malam Akanta yake nema. Kin ce ma'aikatu ba sa biya sai da takardar jiha. Ma'ana, ranar da takardar ta samu, biyan zai fara. Wannan shi ne babban kuɗin, kuma ba ya cikin kiyasin da ake kai wa majalisa, domin marubucin kiyasin zai ce ƙudurin bai tilasta wa kowa biya ba, kuma gaskiyarsa. Bayan shekara biyu ko uku sai ƙungiyar sana'ar ta dawo da ƙuduri na biyu tana cewa, tun da gwamnati ta amince da mu, me ya sa inshora ba za ta biya mu ba?

Damuwata ta fi ƙarfi a kan ɗaya rukunin, wato masu hanyoyin maganin da ake haɗawa da na asibiti. Lasisi yana tabbatar da cewa mutum ya yi karatun da sana'arsa ta tsara, ba ya tabbatar da cewa maganin yana aiki, amma talakan majinyaci ba ya rarrabe waɗannan biyu idan ya ga hatimin gwamnati a bango. Faransa ta daɗe tana mayar wa mutane wani kaso na kuɗin maganin homiyofati, wato wanda ake tsarma sinadarinsa har ya kusa ɓacewa, sai da hukumar lafiyarta ta yi nazari ta ce babu hujjar da ta isa, aka rage kason zuwa 15 cikin ɗari a 2020, aka soke shi gaba ɗaya a farkon 2021. Ostireliya ta cire hanyoyin jinya 16 daga inshorar da gwamnati ke tallafa wa a watan Afrilu na 2019, ko da yake an mayar da wasu daga baya bayan sabon nazari. Shigar da abu cikin kasafin kuɗi yana da sauƙi, fitar da shi kuwa sai an yi shekaru ana rigima.

Barista:

Dakta, ka taɓo ƙofa ɗaya, bari in nuna wata da ma ba a cika lura da ita ba, wato haraji. A Birtaniya ana yafe harajin VAT, wanda yake kashi 20 cikin ɗari, ga aikin jinyar da wanda ke cikin rajistar doka ya yi. Saboda haka ostiyofat da kairofrakta ba sa ɗora wannan haraji a kan majinyatansu, amma mai allurar Sin da ba ya cikin rajistar doka, idan cinikinsa ya haura iyakar da aka sa, dole ya ɗora. Ranar da aka shigar da sana'arsa rajista, wannan kuɗin shiga ya ɓace wa gwamnati. Gaskiya ne da yawansu cinikinsu bai kai iyakar ba, to asarar ba ta kai yadda za a zata ba, amma manyan dakunan jinya masu ma'aikata da yawa sun kai. Kanada ta yi irin wannan a kasafin kuɗinta na 2014, inda ta yafe harajin sayayya ga aikin masu allurar Sin da masu maganin naturofati, wato jinya da abinci da tsirrai da makamantansu, kuma ƙa'idar da take bi wajen yafewar tana duba yawan lardunan da suka riga suka sa sana'ar a ƙarƙashin doka. Wato lardi ya kafa lasisi ya ce bai kashe komai ba, asarar harajin ta faɗa a littafin gwamnatin tarayya. A ƙara da cewa a ƙasashe da dama mai sana'a yana cire kuɗin rajistarsa daga abin da za a yanka masa haraji, sai ya zama baitulmali ya ɗauki wani yanki na kuɗin da aka ce shi kaɗai ya biya.

Amma kada mu zarce, Dakta. Lasisi ba kullum yake buɗe lalitar gwamnati ba. Jihar Nevada ta fara ba masu allurar Sin lasisi tun 1973, kuma yawancin jihohin Amurka sun bi, amma shirin Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, bai fara biyan kuɗin allurar ba sai a watan Janairu na 2020, kuma ga ciwon baya mai daɗewa kawai, zama 12 a cikin kwana 90, da ƙarin 8 idan an ga sauƙi. Har yanzu mai lasisin allura ba ya iya tura wa shirin takardar neman biya da sunansa, sai ta hannun likita ko makamancinsa. Kusan shekara 50 ke nan tsakanin lasisin farko da biyan farko. Inda ƙofar ke buɗewa da sauri shi ne inda wata doka ta ɗaure biya da lasisi, kamar dokar jihar Washington da ta fara aiki a 1996, wadda ta wajabta wa kamfanonin inshora su shigar da kowane rukunin masu lasisi. Saboda haka wanda zai yi kiyasi na gaskiya sai ya karanta dokar inshora da dokar haraji, ba ƙudurin lasisin kaɗai ba.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Rajista:

Na yi aiki a ofishin wata hukumar lasisi, kuma ina so in gyara tunanin da ake yi cewa buga kati da karɓar kuɗi shi ne aikin. Wannan ɓangare shi ne mafi arha. Abin da ke cinye kuɗi shi ne ƙorafi.

Takarda ɗaya za ta shigo, a ce wata mata tana zargin mai tausa da taɓa ta inda bai kamata ba. Daga ranar sai an naɗa mai bincike, ya nemo bayanan ɗakin jinyar, ya ɗauki jawabinta, ya ba wanda ake zargi damar amsawa. Idan ana tsoron zai cutar da wasu kafin a gama, sai an yi zaman gaggawa don dakatar da shi na wucin gadi, kuma wannan dakatarwa sai an riƙa sake dubata lokaci zuwa lokaci. In shari'ar ta kai zaman ƙarshe, za ka ga mutum uku a kan teburi, ɗaya daga cikin sana'ar, ɗaya daga cikin jama'a, da shugaba, ga lauyan da ke ba su shawara, ga lauyan da ke gabatar da ƙara, ga mai rubuta duk abin da aka faɗa, wani lokaci ga ƙwararren da aka ɗauko don ya ba da shaida, kowa da kuɗinsa na kowace rana. Shaida ɗaya ya kasa zuwa, a ɗage, a sake biyan kowa. Idan aka soke lasisin mutumin ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu, wani sabon babi ne.

Babbar hukuma ta san kusan yawan irin waɗannan da za su zo mata a shekara, tana tanadi. Ƙaramar sana'a mai mutum 300 tana iya yin shekara huɗu ba ƙorafi ko ɗaya, a ta biyar shari'a ɗaya ta cinye duk abin da aka tara. Na ga lokacin da aka riƙa jan ƙafa a kan wani fayil, ba don ba shi da tushe ba, sai don kowa a ofis ya san asusun ba zai ɗauki zaman ba kafin lokacin sabunta lasisi ya zagayo. Matar da ta kawo ƙorafin ita ta biya wannan tsumulmular da jira, kuma jiranta ba ya cikin kowane kiyasi.

Ɗalibin Tattalin Arziki:

Hajiya, na gode da wannan bayani. Amma ashe babu inda gwamnati ke cin riba? Na ga a jihar Arizona ta Amurka an daɗe ana kiran irin waɗannan hukumomi da 90/10, domin sun yi shekaru suna riƙe kashi 90 na abin da suka tara, suna zuba 10 a babban asusun jiha. Ga kuma tara da ake ci. Rahoton fadar White House na 2015 ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka suna buƙatar lasisi, alhali a farkon shekarun 1950 ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Da wannan yawa ai kuɗin shigar ba ƙarami ba ne.

Tsohon Akanta:

A jimlace ba ƙarami ba ne, amma daga manyan sana'o'i yake fitowa, irin su ma'aikatan jinya da masu gyaran gashi da dillalan gidaje. Kashi 10 na kuɗin mutum 300 ba zai biya albashin akawu ɗaya ba. Kason da ake zubawa a babban asusu ma yawanci ana ɗaukarsa ne a matsayin ladan hidimar da sauran ma'aikatu ke yi wa hukumar, kamar binciken kuɗi da lauyoyin gwamnati. Ita kuwa tara, duk akantan kirki ba ya gina kasafi a kanta, kuma hukumar da ta dogara da tara don biyan albashi ta sami dalilin hukunta mutane wanda ba kare jama'a ba. Inda gwamnatoci suka ci moriya ta zahiri shi ne lokacin da kasafi ya yi ƙunci suka kwashi rarar da hukumomi suka tara, kamar yadda California ta sha ranto daga asusun hukumomin lasisinta. Wannan kuwa haraji ne da aka ɗora wa sana'a ɗaya ba tare da an kira shi da sunansa ba, kuma rarar da aka kwasa ita ce tanadin da Hajiya ta ce ana buƙata don shari'ar shekara ta biyar.

Barista:

Tun da an yarda cewa ƙorafi ne ke cin kuɗi, kuma ƙorafi ne ke kare jama'a, wasu gwamnatoci sun yi tambayar da ta dace: me zai hana a sayi wannan ɓangare kaɗai a bar sauran? Jihar New South Wales ta Ostireliya ta kafa ƙa'idar aiki ga masu jinyar da ba su da rajista a 2008. Ba a ba kowa lasisi, ba a karɓar kuɗin shekara, amma hukumar ƙorafin lafiya tana iya bincikar kowa, ta kuma hana shi sana'ar idan ya zama haɗari, ta buga sunansa. A 2015 ministocin lafiya na ƙasar suka amince da irin wannan ƙa'ida ga dukkan jihohi. Jihar Minnesota ta Amurka ta yi makamancin haka da dokarta ta shekarar 2000, wadda ta wajabta wa mai jinyar da ba shi da lasisi ya ba majinyaci takardar da ke bayyana karatunsa da haƙƙoƙin majinyacin da inda zai kai ƙara.

Birtaniya ta bi wata hanya. A 2008 gwamnati ta ba da kuɗin kafa CNHC, rajista ta ganin dama ga masu tausa da makamantansu, daga baya ta bar ta ta riƙe kanta da kuɗin mambobi. A 2011 an yi alkawarin shigar da masu maganin tsirrai rajistar doka, sai rahoton da Farfesa David Walker ya jagoranta a 2015 ya ce babu isasshiyar hujjar yin haka, maganar ta kwanta.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne tsarin New South Wales da na Minnesota su ne suke bayyana a kasafi a matsayin kashe kuɗi, domin babu masu lasisin da za a caja, daga harajin kowa ake biya. Lasisi cikakke kuwa yana bayyana a matsayin sifili. Ɗan majalisar da ke duba shafin ƙarshe kawai zai zaɓi sifili, ko da a haƙiƙa shi ya fi tsada ga al'umma.

Mai Jinya da Kiɗa:

Barista, da girmamawa, wannan tsari yana jiran a cuci mutum ne kafin ya motsa. Majinyacin da nake magana a kansa ba ya iya magana, balle ya rubuta ƙorafi, kuma iyalansa ba za su san an ɓata masa lokaci ba, za su ɗauka ciwon ne ya ƙi. Haka yaro mai buƙata ta musamman da dattijon da hankalinsa ya fara gushewa. Sannan ku duba Birtaniyar da kuke misali da ita. Masu jinya da kiɗa da zane da wasan kwaikwayo suna cikin rajistar doka, masu jinya da rawa da motsin jiki kuwa ba sa ciki, alhali sau da yawa majinyatansu iri ɗaya ne. Ban ga wani lissafin haɗari da ya raba su ba.

Dakta:

A nan ina tare da ke, Malama, domin raunin majinyaci hujja ce ta gaske. Amma ita ma sai a auna ta sana'a bayan sana'a, a tambayi daga ina haɗarin yake fitowa. Allurar Sin da aka soka da zurfi a ƙirji ko a saman baya tana iya huda huhu, kuma wadda ba a tsabtace ba tana yaɗa ciwon hanta. Wannan haɗari yana hannun mai aikin, horo da lasisi suna rage shi. Amma a farkon shekarun 1990 a birnin Brussels na Beljiyam, mata kusan ɗari ko fiye sun sami lalacewar ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba, saboda an musanya wani tsiron Sin da wani mai guba mai suna Aristolochia. Wasu sun kai ga wankin ƙoda da dashe, wasu daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari. Haɗarin a cikin kwalba yake, kuma da ɗakin gwaji da sa ido kan shigo da kaya ake kama shi. Gwamnatin da ta kafa wa masu tsirrai hukumar lasisi ta bar hukumar magungunanta ba kayan aiki ta kashe kuɗin inda bai kamata ba.

Tsohon Akanta:

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin tsarin jihar Colorado ta Amurka ya fi hankali. Tun 1976 ta yi dokar da ke sa hukuma ta mutu da kanta idan ba a sake duba ta an sabunta ba, a 1985 kuma ta ƙara da cewa duk sana'ar da ke neman lasisi sai an fara nazarin ko akwai cutar da aka tabbatar, da ko wata hanya mai arha za ta wadatar. Ina so a ƙara wa irin wannan nazari shafi huɗu da babu su a yawancin kiyasi: kuɗin shekarar farko kafin a karɓi ko sisi daga kowa da wanda zai bayar da shi, da kuɗin shari'a ɗaya mai tsanani, da harajin da za a rasa, da dokokin inshora da za su farka da zarar lasisin ya samu.

Rushe hukuma bayan an kafa ta ba abu ne mai sauƙi ba. A 2022 gwamnatin lardin Ontario na Kanada ta kawo ƙudurin soke hukumar masu maganin Sin da ta fara aiki a 2013, cikin 'yan kwanaki ta janye saboda hayaniyar da ta tashi. British Columbia, wani lardin Kanada, kuwa ba ta soke ba, sai ta haɗa. A watan Yuni na 2024 ta tattara kairofrakta da masu tausa da masu naturofati da masu maganin Sin a hukuma ɗaya. Ga sana'ar Malama, abin da zan goyi baya shi ne kare sunan sana'ar da doka a ƙarƙashin irin wannan babbar inuwa, ba hukuma ta kanta ba.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Rajista:

Malam, haɗewar tana rage kuɗin ofis, amma a shirya wa rigimar da ke biyo ta. Sana'o'i ba sa jawo ƙorafi daidai da juna. Waɗanda ke taɓa jikin mutum a ɗaki rufe, da waɗanda ke tallata cewa suna warkar da kowace cuta, su ne fayilolinsu ke cika kabad. Idan aka sa wa kowa kuɗi ɗaya, kamar yadda HCPC ke yi, mai jinya da zane zai riƙa biyan kuɗin shari'ar wasu. Idan aka ware wa kowa asusunsa, kamar yadda ake yi a Ostireliya, an koma matsalar mutum 300 da shari'a ɗaya. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a raba kuɗin ofis daidai a kan kowa, a caji kowace sana'a kuɗin ƙorafinta bisa matsakaicin shekaru biyar, sannan a ajiye asusun gaggawa na haɗin gwiwa, a kuma rubuta a cikin dokar kanta cewa ma'aikatar kuɗi ba ta da ikon taɓa shi.